CCJ ta hau kan sunanka a Ingila? Ga matakan da za ka bi da yadda za ka gyara kiredit ɗinka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tunda na ba da labarin abin da ya same ni da kotu mutane ke ta tambaya, masu aikin kula da tsofaffi, ɗalibai, har da wata baiwar Allah nas da aka hana ta hayar gida tana da albashinta lafiya lau, tambayar duk ɗaya ce, wai an ce akwai CCJ a kan sunana, me zan yi. Toh bari in rubuta shi gaba ɗaya a wuri guda.

CCJ, wato County Court Judgment, hukunci ne na kotun ƙaramar shari'a da ke cewa ana binka kuɗi kuma dole ka biya, kuma yana zama shekara 6 a rajista da rahoton kiredit ɗinka, wato tarihin bashi da biyanka da banki ko mai gida ke dubawa. Abin da zan faɗa na Ingila da Wales ne, wanda ke zaune a Sikotland tsarinsu daban ne. Ni tawa ta fito ne daga tarar fakin ɗin mota, na tashi daga Bradford na koma Leicester, na canza adireshi a lasisin tuƙi amma ban canza a takardar mota ba, kamfanin ya yi ta aika wasiƙu tsohon gida har aka yanke hukunci ban san ana yi ba. Sai da ejan ɗin gidan haya ya kira ni ya ce binciken da suka yi ya nuna akwai hukunci a kaina. Da na koma tsohon gidan, wanda ya shiga bayana ya miƙo min leda cike da ambulan, wasu har sun jiƙe da ruwan sama, ta kotun tana can ƙasa ba wanda ya buɗe.

1. Tabbatar hukuncin ne ko barazana ce

Kafin hankalinka ya tashi ka duba takardar da ke hannunka da kyau, don da yawa masu turo min hoto ba hukunci ba ne tukuna. Ana fara aiko wasiƙar gargaɗi wadda ke ba ka kwana 30 ka amsa kafin a kai ka kotu. Bayanta sai takardar ƙara daga kotu, yawanci daga cibiyar da ke Northampton, da fom-fom a ciki, N9A idan ka amsa bashin, N9B idan kana musu. Kwana 14 kake da shi, idan ka mayar da takardar shaidar cewa ka karɓa ya zama kwana 28 don shirya kariya. Idan a nan kake to ka gode wa Allah ka amsa yau, hukunci bai hau ba.

Idan kuma ba ka da wata takarda sai dai an ce maka akwai, ka shiga TrustOnline, shafin Registry Trust ne masu riƙe da rajistar hukunce-hukunce, bincike ɗaya tsakanin fam 6 zuwa 10 ne. Sannan ka ciro rahotonka daga kamfanoni ukun nan, Experian, Equifax da TransUnion, duka kyauta ake samu, ClearScore na nuna na Equifax, Credit Karma na nuna na TransUnion, Experian kuma da manhajarsu.

Gargaɗi: ka saka duk adireshin da ka taɓa zama a shekara 6 da suka wuce, har ɗakin da ka yi wata biyu a ciki lokacin da ka sauka ƙasar. Hukuncin yana manne ne da adireshin da aka kai ƙara, idan da sabon gida kawai ka bincika zai iya fitowa fes alhali abin yana nan.

2. Rubuta abu huɗu, ka ƙirga kwana

Lambar shari'a, sunan kotu, adadin kuɗi, da ranar da aka yanke hukunci. Rahoton kiredit ba lallai ya nuna maka wanda ya kai ka ƙara ba, sai ka kira kotun ko ka tura musu imel da lambar shari'ar su gaya maka sunan mai ƙara da lauyansa, ka kuma roƙa su turo maka kwafin takardar ƙarar da adireshin da aka aika ta. Layinsu na waya yana da jira, ka kira da sassafe.

Ranar hukuncin nan ita ce komai, wallahi ita ce ke raba hanya. Daga ranar ake ƙirga wata ɗaya, ba daga ranar da ka ga wasiƙa ba, ba daga ranar da ka dawo daga hutu a gida ba. Duk matakin da za ka ɗauka a ƙasa ya danganta ne da ko kana cikin watan ko ya wuce.

3. Idan wata ɗaya bai cika ba, biya duka

Wanda ya biya kuɗin gaba ɗaya cikin wata ɗaya daga ranar hukunci, ana goge shi daga rajista kamar ba a yi ba, kuma ya fita daga rahoton kiredit. Babu wata hanya da ta kai wannan sauƙi da arha. Shi ya sa nake cewa in fam 300 ne ko 600, ka yi duk abin da ya halatta ka haɗa, ka roƙi 'yan adashi su ba ka kwasar wannan watan, ka ari wajen ɗan uwa, ka ce wa mutanen gida su yi haƙuri da aiken wannan watan. Na san faɗar hakan ga mahaifiya ba sauƙi, amma kunyar rana ɗaya ta fi a ce shekara 6 kana neman gida ana juya maka baya.

Gargaɗi: mai ƙara ko lauyansa ake biya, ba kotu ba. Ka saka lambar shari'a a wajen bayanin tiransifa, kuma kuɗin ya shiga hannunsu kafin watan ya cika, kada ka bari sai ranar ƙarshe. Ka biya adadin da ke kan hukuncin cif har da kuɗin kotu da aka ɗora, in ka rage ko fam 1 ne ba a biya duka ba. Ka ajiye rasit, ka kuma nemi su rubuto maka cewa sun karɓa da ranar da suka karɓa.

Ko da kana ganin an zalunce ka, in kuɗin kaɗan ne ka zauna ka yi lissafi tukuna, domin kuɗin neman soke hukunci shi kaɗai ya haura fam 300.

4. Idan ba ka san da ƙarar ba ko ba a binka, nemi a soke

Wannan ita ce hanyar da na bi, tunda ni wata biyar ya wuce kafin in sani. Fom ɗin N244 ake cikewa a aika kotun da ta yanke hukuncin, tare da bayanin shaida da ka sa wa hannu. Kuɗin ya ɗan haura fam 300, yana canzawa lokaci zuwa lokaci don haka ka duba shafin gov.uk ranar da za ka biya. Mai ƙaramin albashi zai iya neman ragi ko yafiya da fom EX160.

Abu biyu alƙali ke dubawa sosai. Na farko, ko an kai maka ƙarar yadda doka ta ce, ko kuwa kana da hujja mai ƙarfi ta kare kanka, misali ka riga ka biya, ko ba kai ne mai bashin ba, ko bashin ya haura shekara 6 ba ka biya komai ba ba ka amsa shi a rubuce ba kafin a shigar da ƙara. Na biyu, ko ka yi gaggawa da ka sani. Wannan na biyun shi ke kayar da mutanenmu, mutum ya gano a watan Maris ya ce bari in gama jarabawa, bari a yi sallah, sai Agusta ya shigar, alƙali kuwa tambayar farko da zai yi ita ce ina ka shiga duk watannin nan.

Abin da na haɗa a nawa: yarjejeniyar hayar sabon gida mai kwanan wata, takardar harajin kansul ta sabon adireshi, bayanan banki na watannin, da imel ɗin ejan wanda ya nuna ranar da na fara sanin hukuncin. Ledar ambulan ɗin nan ma na ɗauki hotonta. Bayanin nawa shafi biyu ne, na jera abin da ya faru da kwanan wata, ban yi dogon ƙorafi ba.

Kafin ka shigar, rubuta wa mai ƙara ka tambaye shi ko zai yarda a soke da amincewar ɓangare biyu. Wasu na yarda, musamman in za a biya su asalin kuɗinsu. In sun yarda ana rubuta takardar amincewa ku duka ku sa hannu, kuɗin kotun ya sauko zuwa fam ɗari da wani abu, kuma sau da yawa ba sai an zauna ba. Amma alƙali ne mai magana ta ƙarshe, sai ya ga dalili na gaskiya, son gyara kiredit kawai ba dalili ba ne a wajensa.

Gargaɗi: soke hukunci ba ya kashe bashin. Ƙarar tana komawa farko ne, sai ka kare kanka ko ku sasanta, in ka sake yin shiru wani hukuncin zai hau. Sannan "ban ga wasiƙa ba" ita kaɗai ba kullum take isa ba, musamman in kai ne ba ka sanar da canjin gida ba. Kuma in aka sa ranar zama ka je, ko a waya ne ka kasance a shirye, rashin zuwa asarar kuɗinka ne.

5. Idan bashin gaskiya ne kuma ba ka da kuɗin duka

Kada ka ɓuya. Hukuncin zai ce ko a biya nan take ko kaɗan-kaɗan, in abin da aka yanka maka ya fi ƙarfinka ka cike fom N245, ka rubuta abin da ke shigowa da abin da ke fita da abin da za ka iya bayarwa duk wata, kuɗinsa bai kai fam 20 ba. In ka amsa bashin tun farko ka yi tayin biya kotu ta yanka maka wani adadi daban ba tare da zama ba, kana da kwana 14 ka nemi a sake dubawa, wannan kyauta ne.

Kafin ka cike komai ka kira StepChange ko National Debtline ko ka je Citizens Advice, ƙungiyoyi ne masu ba da shawara kan bashi, duka kyauta ne kuma su za su taya ka tsara kasafin. Ta hannunsu ake shiga shirin Breathing Space wanda ke dakatar da matsin masu bashi kwana 60 ka samu ka numfasa.

Gargaɗi: kada kunya ta sa ka yi tayin abin da ba za ka iya ba. Mutum ya ce zai riƙa ba da fam 150 alhali ya san duk wata sai ya aika kuɗin makarantar ƙanne da maganin baba, wata na uku ya kasa. Gara fam 40 da ba ya yankewa. Kuma kada ka ɗauka za a lissafa aiken gida daidai da kuɗin haya da wuta, ka faɗa wa mai ba ka shawara gaskiyar abin da kake aikawa ya nuna maka yadda za a yi.

In ka daina biya, mai ƙara zai iya komawa kotu a turo belif, wato masu ɗaukar kaya, ko a sa wurin aikinka su riƙa cirewa daga albashi, ko a riƙe kuɗin da ke asusunka, ko a ɗora bashin a kan gida in kana da shi. Belif sai sun ba da sanarwa a rubuce kafin su zo, ba sa zuwa tsakanin 9 na dare da 6 na safe, kuma a kan irin wannan bashin ba su da ikon fasa ƙofar gidan da kake kwana su shiga. Kada ka buɗe musu, ka gaya wa uwargida da yara su ma, a yi magana ta taga ko a waya. Mota da ke waje kuwa za su iya kama ta.

6. Bayan ka gama biya, sa a rubuta

In ka biya bayan wata ɗaya hukuncin ba ya fita, zai zauna har shekara 6 ɗin su cika, amma za a rubuta "satisfied" a gabansa, ma'ana an biya, kuma mai gida ko banki suna kallon wannan daban da wanda har yanzu ake bin sa. Ya kamata mai ƙara ya sanar da kotu amma kada ka dogara da shi. Ka aika wa kotu shaidar biya da kanka, in kana son takardar shaida ka cike fom N443, shi ma bai kai fam 20 ba. In mai ƙara ya ƙi ba ka shaida, ka tura bayanan bankinka, kotu za ta rubuta masa, in bai amsa cikin wata ɗaya ba a yi aiki da naka. Wanda ya biya cikin wata ɗaya ma haka zai yi don a goge.

Ka ba shi 'yan makonni sannan ka sake duba rahotanni ukun. In ɗaya bai gyara ba ka shigar da ƙorafi a wajensu da kwafin takardar. Kana kuma da damar saka ɗan bayani da bai wuce kalma 200 ba a fayil ɗinka, ka faɗi abin da ya faru, misali rashin lafiya ko an rufe wurin aiki.

Gargaɗi: duk wanda ya ce ka ba shi fam 400 zai cire maka CCJ ta bayan fage, kuɗinka yake so. Hanyoyin fita uku ne kawai, biya cikin wata, sokewar alƙali, ko cikar shekara 6.

7. Toshe ƙofar da ta shigo

Canza adireshi a takardar mota V5C daban, a lasisi daban, DVLA, hukumar lasisi da rajistar motoci, ba ta haɗa su, kuma kamfanonin fakin daga takardar mota suke samun adireshinka. Sai banki, kamfanin waya, wuta da gas, ruwa, wajen motsa jiki in ka taɓa rajista, da jami'a. Duk lokacin da za ka tashi ka biya Royal Mail su riƙa juyo maka wasiƙu sabon gida ko na wata shida ne. In za ka tafi gida hutun wata biyu ka bar wa amintacce makulli ya riƙa buɗe ambulan yana turo maka hoto. Kuma dan Allah a daina ba wa aboki sunanka ya karɓi waya ko mota da bashi, in ya daina biya sunanka ne a kotu.

8. Sake gina kiredit

Nan haƙuri ake buƙata, tarihin bankinka na Kano ko Kumasi ba ya biyo ka nan, adashi ma ko ka shekara goma ba ka saɓa ba babu inda yake fitowa. Abin da ka yi a nan da sunanka shi kaɗai ake gani.

Fara da rajistar zaɓe, kyauta ce a gov.uk kuma da ita ake tabbatar da adireshinka. 'Yan Najeriya, Gana da Kamaru masu izinin zama suna da damar yi saboda ƙasashen suna cikin Commonwealth, da yawa ba su san haka ba. 'Yan uwanmu na Nijar, Chadi da Sudan da ke Ingila ba su da wannan damar sai sun samu takardar zama ɗan ƙasa (a Wales kuwa masu izinin zama za su iya yin rajista), su sai su aika wa kamfanoni ukun shaidar adireshi su saka bayanin dalili a fayil.

Sai ka mayar da duk wani bil a kan dairek debit, wato kuɗin ya riƙa fita da kansa daga asusunka kwana ɗaya ko biyu bayan albashi ya shigo. Layin waya na wata-wata mai arha, na sim kaɗai, yana taimakawa. Kuɗin haya da kake biya ma zai iya shiga rahotonka ta irin su CreditLadder ko Canopy, tunda dama kana biya gara a gani.

Maganar katin kiredit kuwa, na san da yawanmu nan ne zuciya ke tsayawa saboda riba. Yadda masu amfani da shi ke yi shi ne su karɓi kati mai ƙaramin iyaka, su sayi abu ɗaya kamar mai ko cefane, kada ya wuce kwatan iyakar, su saita a cire duka kuɗin kowane wata ta yadda ko kwabo na ruwa ba ya hawa. Malamai sun yi saɓani a kan sa hannu a yarjejeniyar da ke da sharaɗin ruwa ko da ba za a biya ba, ka tambayi malamin da ka yarda da shi. In zuciyarka ba ta kwanta ba ka bar shi, haya da waya da bil da rajistar zaɓe za su yi aikin, sai dai a hankali. Abin da nake so a gane shi ne ko bankunan Musulunci irin Gatehouse masu tsarin sayen gida ba ruwa, su ma sai sun duba rahotonka, don haka gyaran ya shafi kowa.

Gargaɗi: kada ka yi ta neman kati ko bashi wuri-wuri bayan an ƙi ka, kowane nema yana barin tabo a fayil da wasu ke gani, in suka yi yawa sai a ɗauka kana cikin matsi. Ka yi amfani da manhajar da ke gwada cancanta ba tare da barin tabo ba, in an ƙi ka ka jira wata shida. Ka nisanci bashin kafin albashi. Kada kuma ka cire tsabar kuɗi da katin kiredit don aikawa gida. Sannan in kana da CCJ kada ku buɗe asusun haɗin gwiwa da maiɗakinka yanzu, aure ko zama gida ɗaya ba ya haɗa fayil, asusu ko bashi na tare shi ke haɗawa, gara nata ya zauna da tsabta ku samu na nuna wa mai gida.

9. Haya da takardun zama kafin shekara 6 su cika

In za ka nemi gida ka faɗa wa ejan tun kafin ya yi bincike, ka nuna takardar biya da takardun albashi, ka zo da wanda zai tsaya maka in akwai. Ni da na yi haka a gida na biyu, kafin ma a soke nawa, matar ta ce abin da ke sa su ƙi mutum nan take shi ne ya rubuta babu a fom sannan bincike ya nuna akwai. Haka in za ka cike takardar neman zama ɗan ƙasa aka tambayi hukuncin kotu na bashi, ka rubuta shi, ɓoyewar ta fi hukuncin haɗari. In kuwa bashin na asibitin NHS ne kuma ya kai fam 500, wannan zai iya taɓa bizarka kai tsaye, ka ga lauyan shige da fice mai rajista kafin ka shigar da komai.

Ranar da shekara 6 suka cika hukuncin zai fita daga rahoto da kansa ko an biya ko ba a biya ba, ba sai ka cike fom ba, amma wanda bai biya ba bashin yana nan a kansa, mai ƙara zai iya neman izinin kotu ya ci gaba da bi. Ka saka ranar a kalandar wayarka, in ta wuce da wata ɗaya ka buɗe rahotanni ukun ka tabbatar ya fita a kowanne.